Tambaya da Amsa: Ɗan Indiyan wajen aikinmu ya daina cin abinci

Salam Anti, sannu da ƙoƙari. Ni matashi ne a Samaru, ina aiki a wani kamfanin irin shuka nan Zariya. Kwanaki aka kawo mana wani yaro ɗan Indiya ya zo sanin makamar aiki na wata shida, bai wuce shekara 23 ba, oga ya ce ni zan dinga kula da shi. Farkon zuwansa wallahi murna kamar me, komai sai ya ɗauki hoto, har ƙofar fada da ganuwa na kai shi, amma yanzu ya koma wani iri, ba ya magana, ana tashi aiki sai ɗaki, duk ya rame, daga biskit sai shayi. Hajiyarmu ta tausaya masa ta aiko da tuwon shinkafa miyar taushe, ya mayar da kwanon ko taɓawa bai yi ba wai ba ya cin nama, na ce to a tsame naman mana ya ce a'a, har yau Hajiya mita take. Samarin wajen aiki suna masa waƙar fim da gaisuwar indiyanci don ya saki jiki, sai dai ya yi yaƙe ya wuce. Ran nan na leƙa na tarar yana kuka da waya a hannu. Garinsu wai kusa da Chennai ne. Anti girman kai ne ko ƙyamarmu yake? Ni dai na fara gajiya.

Daga wani mai karatu, Samaru

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya saka maka da alheri, ko wannan leƙawar da ka yi ɗakinsa ba kowa zai yi ba. Ba girman kai ba ne, mai girman kai ba ya ɓuya ya yi kuka. Kewar gida ce ta kama shi, ga yunwa a kai, kuma ina ganin duk alherin da kuke masa kuna yi ne ba tare da kun tambaye shi me yake buƙata ba.

Maganar tuwon Hajiya tukuna don ita ta fi damuna. Ba duk ɗan Indiya ne ba ya cin nama ba, da yawa suna cin kaza da kifi, akwai ma musulmi miliyoyi a can, amma wanda ya tashi a gidan da ba a ci to fa tun yana goye bai taɓa sa shi a baki ba, kuma a wajensa miyar da aka dafa nama a ciki ta riga ta zama nama, tsamewa ba ta gyara komai tunda romon ya shiga. Kai ma da za a kawo maka miyar da aka dafa da abin da addininka ya hana a ce an tsame, ai ba za ka sha ba. Haka za ka faɗa wa Hajiya cikin ladabi, za ta gane. Kuma ka lura ko dunƙulen magi mai ɗanɗanon kaza da garin busasshen kifi suna cikin lissafi, shi ya sa yaron ya tsorata da komai ya koma biskit.

Abin daɗin shi ne abincin mutanen kudancin Indiya, inda Chennai take, kusan duk kayansa na nan a kasuwar Samaru da ta Sabon Gari. Shinkafa ce cimarsu. Suna da wata miya sambar da ake yi da dangin wake da tsamiya da kurkur, har da 'ya'yan zogale dogayen nan da mu muke bari su bushe a bishiya, su yanka su suke suna jefawa a miya. Suna cin kuɓewa soyayya, suna cakuɗa shinkafa da kindirmo su ci a ƙarshen abinci, kuma suna da wani abu paniyaram, ƙullin shinkafa ne da ake bari ya kwana ya tashi a soya a tanda mai gurabe, wato dai ɗan'uwan masarmu. Don haka ka kai shi wajen mai masa da safe ya ga ana zubawa da idonsa, a ba shi da suga ko ƙuli, ban da romo. Sannan ka yi wa oga magana a samar masa ɗan gas ko risho da tukwane, ku je kasuwa tare shi zai zaɓa kai ka yi ciniki don kar a tsuga masa kuɗin baƙo. Ranar da ya dafa abin da ya saba ci da hannunsa za ka ga canji, in ya dafa kuma ka zauna ka ci, ka kai wa Hajiya ɗanɗano.

Samarin nan masu waƙa na san da zuciya ɗaya suke, mu Hausawa mun tashi da finafinan Indiya har muna jin ƙasar tamu ce, iyayenmu da suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 ma da yawansu malaman Indiya ne suka koya musu lissafi da kimiyya. Amma indiyancin fim Hindi ne, shi kuwa yaro tunda kusa da Chennai ne garinsu, daga jihar Tamil Nadu yake, harshensu Tamil, ba su ko haɗa dangi da Hindi ba. Tsarin mulkin Indiya harsuna 22 ya lissafa, kuma a 1965 jiharsu ta yi zanga-zanga mai zafi kan ƙin a ɗora musu Hindi. Ƙila rabin abin da kuke rera masa bai ma ji ba. Ku kira shi da sunansa ku daina "ɗan Indiya", ku ce ya koya muku gaisuwar Tamil ku koya masa "ina kwana" da "ina gajiya".

Akwai kuma abin da na tabbata ba ka lissafa ba, agogo. Indiya na gabanmu da awa 4 da rabi. In kun tashi aiki ƙarfe 5 can 9 da rabi ne na dare, kafin a idar da isha'i a nan mamarsa da abokansa duk sun yi barci, shi kuma ga shi a ɗaki shi kaɗai, ƙila ba wuta, ga sanyin hunturun Zariya da ƙura alhali yankinsu bakin teku ne mai ɗumi. A ba shi ɗan lokaci wajen azahar ya yi bidiyo kol da gida, daren kuma nan ne yake buƙatarku, ka ja shi majalisa ko teburin mai shayi ko da ba zai ce uffan ba, in yana son kurket, wasan ƙwallon nan da ake bugawa da sanda, ku kalla tare a waya ya yi ta maka bayani.

Wannan hawa da saukar da ka gani sananne ne, wani masani Kalervo Oberg ya yi rubutu a kai tun 1960, da farko baƙo na ɗoki, sai komai ya fara ba shi haushi da tsoro, daga baya ya saba. Yawanci yana wucewa. Amma in ya daina barci, ko ya daina zuwa aiki, ko ka ji yana maganar ya gaji da rayuwa, kar ka riƙe kai kaɗai, ka sanar da oga a kai shi ganin likita, akwai sashen masu kula da damuwa a asibitin koyarwa na ABU. Zazzaɓi kuwa ko na yini ɗaya ne a yi gwajin maleriya nan take, kar a ce kewa ce, kuma ka duba ko yana da gidan sauro.

Tsakiyar Janairu, wajen 14 ga wata, Tamilawa na bikin girbi da suke kira Pongal, ana dafa sabuwar shinkafa da madara da mazarƙwaila har tukunya ta tumbatsa, ga rake ko'ina. Ranar za ta yi masa nauyi sosai in ta same shi shi kaɗai. Rake da mazarƙwaila kuwa ƙasar Zazzau ba ta roƙon kowa, ka tambaye shi tun yanzu me da me zai buƙata, ka roƙi Hajiya ta ara masa murhu ranar.