Kun Tambaya: Su wa suka gina Pinehurst, garin golf na Amurka?

Tambaya: Na kalli gasar golf ta US Open ta 2024 da aka yi a Pinehurst. Da ma can garin masu kuɗi ne, ko yaya ya faro? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malam, ba don golf aka kafa shi ba. A 1895 wani attajirin Boston, James Walker Tufts, wanda ya yi arziki da injinan lemon kwalba, ya sayi fili kusan eka 5,800 a jihar Karolina ta Arewa, kan dala ɗaya da 'yan kai kowace eka. Wurin rairayi ne, an riga an tatse ƙaron itatuwansa an sare su. Nufinsa ya yi wurin hutu ga masu ciwon ƙirji da sanyin arewacin Amurka ke wahalarwa. Da ta tabbata cewa ana ɗaukar tarin fuka, sai ya hana masu cutar zuwa, aka shiga neman abin da zai jawo masu lafiya. A 1898 aka yi filin golf na farko mai ramuka 9. Donald Ross, ɗan Sikotlan, ya zo a 1900, kuma a 1907 ya kammala fili na 2, wanda ka gani a talabijin.

Har zuwa 1935 babu ciyawa a kewayen ramukan. Baƙi da hunturu suke zuwa, lokacin da ciyawar yankin ke bushewa, ciyawar ƙasashen sanyi kuwa zafin bazara ke kashe ta. Sai aka daddaɓe yashi, irin wanda ake gani a wasu filayen golf na arewacin Najeriya, ma'aikata suna jan guntun darduma a kai don share sawu.

Tambaya: To ma'aikatan fa, a ina suke kwana?

Amsa: Nan ne abin da ba a cika faɗa ba. Masu dakon jakar sanduna, masu wanki, kuku da masu gyaran fili yawancinsu baƙar fata ne, amma takardun mallakar filaye a garin sun hana a sayar wa baƙar fata ko Bayahude. Sai suka zauna a gefe. Taylortown, wadda ta ci sunan Demus Taylor, ɗaya daga cikin 'yan dakon farko, haka ta samo asali, kuma sai a 1987 ta zama gari mai hukumar kansa. Aikin dakon nan ba ɗaukar kaya kawai ba ne: mai dako ne ke karanta gangaren ƙasa ya gaya wa ɗan wasa inda ƙwallo zai karkata. Willie McRae ya fara a 1943 yana ɗan shekara 10, ya yi fiye da shekara 70 a kai.

Wariya ta ƙare a doka, amma iyakar gari ta ci gaba da aikinta. Da Pinehurst da maƙwabtanta suka riƙa faɗaɗa, sun haɗiye sababbin unguwannin masu hali, suka tsallake na baƙar fata kamar Jackson Hamlet da Midway. A lokacin, wanda ke wajen iyaka ba ya samun bututun kwashe ƙazanta, ko motar shara, ko 'yan sandan gari. Dole ya dogara da sokawe, wanda kan tumbatsa ya malala tsakar gida idan fili ƙarami ne ko ramin ya tsufa. Mafi ciwo, dokar jihar ta bai wa gari ikon tsara gine-gine a yankin da ke kewaye da shi, alhali mazauna wurin ba su da ƙuri'a a zaɓensa. A ganinmu wannan zalunci ne tsantsa.

Mutanen unguwannin, tare da lauyoyin cibiyar kare haƙƙin jama'a ta Jami'ar Karolina ta Arewa, sun yi amfani da gasar US Open ta 2005 da aka yi a Pinehurst suka kai 'yan jarida su gani da idonsu. Bayan haka aka fara sakin kuɗin shimfiɗa bututu, kuma daga baya garin Aberdeen ya shigar da Midway cikin iyakarsa.