Kajin Ado: Kar Ki Biya Kuɗin "Mata Zalla" A Kan Ɗan Tsakon Kwana Uku

Wata Hajiya mai sayar da atamfa da turaren wuta a gida, a unguwar Yelwa ta Garwa a ƙasar Kamaru, ta aiko da tambaya. Ta kwashi adashi, sefa 100,000, tana so ta fara kiwon ƙananan kajin nan na ado da ake kira bantam, a bayan ɗaki inda take da kajin gida guda takwas. Wani mai kawo 'yan tsaki daga kudu ya ce mata kowane ɗaya 2,000 in gauraye ne, 3,000 in tana son ya zaɓo mata mata zalla. Niyyarta ta ɗauki talatin na 3,000. Tana tambaya ko cinikin ya yi, kuma ko dole ne sai ta yi musu rigakafi, tunda kajinta na gida ba su taɓa ganin allura ba.

Hajiya, barka da arziki, Allah ya sa albarka a abin da kika kwasa. Bari mu fara da alƙalami. Talatin sau 3,000 ya ba ki 90,000. Saura 10,000 ke nan, kuma a cikinsu za ki fitar da abinci, da gawayin ɗumama su, da ragar akurki, da rigakafi. Ba za su kai ki wata ɗaya ba. Ko da mutumin nan ya cika alkawari, kin zuba jarin duka a kan kai, kin bar ciki ba komai.

To kuma ina shakkar alkawarin kansa. Bambance mace da namiji a ɗan tsakon kwana ɗaya zuwa uku sana'a ce mai zaman kanta. A Japan aka fito da ita, kuma masu yin ta sai sun daɗe suna koyo: ana matsa mafitar kashin ɗan tsakon a hankali, a duba wani ɗan tsiro da bai kai kan allura ba. Ɗan tsakon bantam kuwa ƙanƙantarsa ta kai ga manyan kamfanonin ƙyanƙyasa da yawa, har a Turai da Amurka, ba sa ma gwadawa, sai su sayar da su a gauraye, don matsa kaɗan ya wuce kima zai kashe shi. Abin da kamfani mai ƙwararrun ma'aikata ya haƙura da shi, da wuya a ce mai kwali a bayan babur ya iya shi.

Zai iya buɗe miki fiffike ya nuna miki cewa gashin mace dogo da gajere ne, na namiji kai ɗaya. Wannan dabara gaskiya ce, amma tana aiki ne kawai a irin da aka haɗa musamman don haka, uba mai saurin fitar gashi, uwa mai jinkiri. Kajin ado ba a haɗa su a kan wannan tsari ba. Sauran dabarun da muka gada, irin su riƙe ɗan tsako ta ƙafa a ga ko zai ɗago kai, ko rataya allura da zare a kansa, ko cewa ƙwai mai tsini zakara ne, duk suna dacewa sau ɗaya cikin biyu, daidai da wanda ya rufe ido ya nuna.

Ga gwajin da zan so ki yi masa. Ki ce kin yarda da 3,000, amma 2,000 za ki biya yau, cikon dubu ɗayan kuma bayan mako takwas, a kan duk wadda ta tabbata mace. In ya san abin da yake yi ba ya da asara. In ya fara rantse-rantse yana cewa shi ba ya irin wannan ciniki, kin sami amsarki, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Shawarata ki ɗauki ashirin gauraye a 2,000. Kin kashe 40,000, kina da 60,000 a hannu. Ki sa a ranki kusan rabi zakaru ne. Yana iya zuwa goma da goma, yana iya zuwa takwas da sha biyu, ba a yi wa kowa alkawari ba.

Daga mako na huɗu zuwa na shida za ki fara gani da idonki. Zankon namiji yana riga girma, ya fara ja, alhali na macen yana nan ƙarami, fari-fari ko ruwan ɗorawa. Naman nan da ke reto a ƙarƙashin baki shi ma yana riga fitowa a namiji. Ƙafarsa ta fi kauri, kuma za ki gan su biyu-biyu suna tayar da gashin wuya suna dakar ƙirjin juna. Ki riƙa kwatanta na iri ɗaya, masu kwana ɗaya, domin zankon wani irin ya fi na wani tun asali. Wajen wata uku gashin wuya da na gadon baya kusa da wutsiya suna fitowa masu tsini da ƙyalli a namiji, na mace kuma bakinsu a zagaye. Iri biyu ne za su ba ki wahala. Silki, mai gashi kamar auduga, baƙar fata da yatsu biyar, yakan kai wata huɗu ko fiye kafin a tabbatar, wani lokaci sai an ji cara ko an ga ƙwai. Sebrait kuma zakaransa gashin mata gare shi, ba ya fitar da masu tsinin nan, sai dai ki bi zanko. Duk wanda kika tabbatar, ki ɗaura masa zare mai launi a ƙafa, sako-sako, ki riƙa sauyawa yana girma.

A nan ribarki take. Kin sayo ɗan tsakon da ba a san jinsinsa ba, ba a san ko zai rayu ba, shi ya sa yake da araha. Bayan wata biyu zuwa uku kina da sagarar da kowa ya gani ya san mace ce, ta wuce shekarun mutuwar 'yan tsaki, an yi mata rigakafi. Wancan ƙarin kuɗin da ake so ki biya a kan baki, ke za ki karɓe shi a kan abin da mai saye ya gani da ido.

Zakarun kuma kar ki ɗauke su kaya. A kajin ado zakara ne mai kyan, shi ke tsayar da mai wucewa. Amma nama ba shi da shi, yawancinsu ba sa cika kilo ɗaya, don haka kar ki yi lissafin kasuwar Sallah ko mai gashin kaji da su. Ki sayar biyu-biyu, ko zakara ɗaya da mata biyu, kar ki yarda a zare miki mace ita kaɗai sai da farashi mai zafi, in ba haka ba za ki wayi gari da akurki cike da masu cara, maƙwabta suna sallama. Don iri, zakara ɗaya ya ishi mata shida zuwa takwas. Rarar ki rabu da su da zarar an gane su, domin kowace rana suna cin ribar 'yan'uwansu. Ƙwai ma kar ki dogara da shi: sai uku na bantam suke kai biyu na kazar gona. Abin da matan suka fi kowa iyawa shi ne kwanci, musamman silki, har ƙwan zabi sukan ƙyanƙyashe a damina in aka sa musu daidai abin da jikinsu zai rufe.

Sai batun rigakafi. Kin ce kajinki na gida ba su taɓa ganin allura ba. Na yarda, amma ki tuna sau nawa hunturu ya share akurkan unguwa cikin mako guda, kaji suna zawo kore, suna murɗe wuya, suna numfashi da baki a buɗe. Ita ce cutar Niyukasul, kuma ba ta da magani in ta shiga. Kafso ja-da-rawaya da barkono a ruwa ba sa taɓa ta, ƙwayar bairos ce. Kazar gida in ta mutu kin yi asarar abin miya. Waɗannan kuwa adashinki ne ke yawo da ƙafa biyu.

Ku mutanen Garwa kun yi sa'a, don cibiyar LANAVET da ke haɗa rigakafin dabbobi na ƙasar Kamaru tana Bokle, a bakin garinku. Ki je ofishin likitan dabbobi na yankinku ko kantin maganin dabbobi mai firij da ke aiki, ki faɗi adadin kajinki da kwanakinsu, a rubuta miki jadawali. Abin da aka saba shi ne rigakafin Niyukasul a makon farko, a maimaita wajen mako na uku, sannan a ci gaba da sabuntawa duk bayan 'yan watanni gwargwadon irin maganin. Na cutar Gumboro, wadda ke kama 'yan tsaki tsakanin mako uku da shida, ana ba da shi wajen mako na biyu a maimaita. Na ƙurajen da ke fitowa a zanko da fuska, wanda sauro ke yaɗawa, ana soka shi a fatar fiffike bayan sun ɗan tasa, kuma bayan kamar mako guda ki duba wurin: in ya ɗan kumbura ya yi ɓawo, ya kama. Akwai na cutar Marek mai shanye wa kaji ƙafafu, wanda ake yi a wuya ranar da aka ƙyanƙyashe, kuma silki na cikin irin da cutar ta fi damu. Wannan a wurin ƙyanƙyasa ake yin sa, sai ki tambayi mai kawo miki daga wace gona suka fito, an yi ko ba a yi ba. Tambayar asalin tana da wani amfanin: murar tsuntsaye ta ɓulla a Marwa a 2006, ta sake ɓulla a Yawunde a 2016 har aka rufe kasuwannin kaji, kuma a irin wannan lokaci kayan da ba a san inda suka fito ba su ake fara ƙwacewa.

Kar wani ya ce miki tunda ƙanana ne a ba su rabin awo. Rigakafi ba da nauyin jiki ake auna shi ba, awon bantam ɗaya ne da na kowace kaza. Kuma a na Niyukasul, ga 'yan tsaki ashirin, ɗigo a ido ya fi zubawa a ruwan sha, don kin tabbatar kowa ya samu. Ki riƙe shi a tafin hannu, kai a karkace, ɗigo ɗaya, ki jira ya ƙifta ɗigon ya shige, ki sa shi a wani kwalin daban don kar ki maimaita wa ɗaya ki tsallake ɗaya. In dai a ruwa za a ba su, ban da ruwan famfo mai sinadarin kulorin, yana kashe maganin.

Inda mutane ke zubar da kuɗinsu shi ne zafi. Maganin yana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, garinku kuwa a watan Maris da Afrilu yana haura 40. Ni kaina na taɓa sayen kwalba a hannun wani mai tebur ranar kasuwar Pitowa da ke kusa da Garwa, na jefa a aljihun gaba, na hau babur da rana tsaka, na yi wa kajina ina jin na gama da su. Da sanyi ya shigo suka zube kamar ba a yi ba. Na daɗe ina zagin maganin kafin wani likita ya tambaye ni a me na ɗauko shi. Ki tafi da kula ko fulas da ƙanƙara, ki duba ranar ƙarewar aiki a jikin kwalbar, ki yi da sassafe a inuwa. In an ɗauke wuta kwana biyu a unguwar mai kantin, ki nemi wani kantin.

Wata matsalar ita ce girman kwalba. Da yawa ana yin su ne don kaji 500 ko 1,000, kuma da zarar an haɗa mai garin nan da ruwansa, cikin awa biyu ya tashi aiki, ba a ajiye saura. Ke kuma duka-duka ashirin da takwas gare ki. Ki tambaya ko akwai ƙaramar kwalba, in babu ki bi gidajen layinku da matan adashinku, ku sa rana ɗaya, kowa ta kulle kajinta tun dare, a raba kuɗin kwalba da na mai yi a kan kowane kai. Kuɗin zai sauko ƙwarai, kuma kajin maƙwabta da ke tsallako katanga sun daina zama barazana ga naki. Sai dai mai yin ya bi gida-gida yana wanke hannu, kar a tara kajin unguwa wuri guda, kuma ba a yi wa wadda ta riga ta kamu.

Takwas ɗin nan naki ki fara yi musu tun kafin baƙin su iso, da kamar mako biyu, sannan ki ware wa 'yan tsakin nasu wurin, da raga a sama saboda shirwa. Kazar da aka sayo a kasuwa don miya kar ta kwana kusa da su, a yanka ta a ranar. In za ki iya, ki karɓi kayan a watan Oktoba ko farkon Nuwamba, yadda kafin tsakiyar hunturu sun sami rigakafi na biyu, gashi ya rufe su. Ki buɗe musu shafi daban a littafin da kike rubuta bashin atamfa: ranar zuwa, ranar kowane rigakafi da sunan maganin, abin da suka ci, wanda ya mutu. Ranar sayarwa wannan shafin za ki buɗe wa mai saye kafin ki faɗi farashi.