Shin Janowa Ta Cancanci Ziyarar Yini Guda?

Tambaya: Zan halarci wani taro a birnin Milan na ƙasar Italiya, kuma ina da yini guda da ba ni da aiki. An ba ni shawarar in leƙa Janowa. Shin ta cancanci wahalar tafiya, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Malam, ta cancanta, muddin ba ka je da tsammanin ganin birnin da aka yi wa kwalliya don baƙi ba. Janowa tashar jiragen ruwa ce da ke aiki har gobe, kuma a nan daɗinta yake. Jirgin ƙasa daga Milan yakan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa biyu. A tikiti za ka ga an rubuta Genova, kuma ka sauka a tashar Piazza Principe, domin daga nan zuwa bakin teku 'yar tafiyar ƙafa ce.

Ka fara da tsohuwar tashar, wato Porto Antico, wadda Renzo Piano, mai zanen gine-gine ɗan garin, ya sake wa fasali a 1992 don cikar shekara 500 da tafiyar Kolombus zuwa nahiyar Amurka, wanda shi ma haifaffen Janowa ne. Yawancin baƙi kan ƙare lokacinsu a gidan kifayen da ke wurin, amma a ganina mai yini guda ya fi dacewa ya tsaya a gaban tsohuwar fadar da ake kira Palazzo San Giorgio. An gina ta a 1260, ana cewa a cikinta aka tsare Marco Polo, matafiyin nan ɗan birnin Venice, bayan yaƙin Janowa da Venice a 1298, daga baya kuma ta zama mazaunin bankin San Giorgio da aka kafa a 1407. Arzikin garin daga fatauci da bayar da rance ya fito, kuma fatakensa sun yi nisa ƙwarai: a 1447 Antonio Malfante ya kai har Tuwat a cikin Sahara yana bin diddigin zinariya, Tuwat ɗin da Shaihu Magili ya zauna kafin ya iso Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa.

Daga nan sai ka kutsa cikin lungunan da mutanen garin ke kira caruggi. Wasunsu ƙunci ya sa mutum biyu ba sa jerawa sai sun gogi juna, gidaje masu hawa shida ko bakwai sun tare rana, shanya tana lilo a sama, ƙamshin burodi yana gauraya da ƙarnin kifi. Ɓata hanya a ciki ba abin damuwa ba ne, domin duk gangara teku take nufa. Sai dai ka kula da aljihunka. Idan ka haura za ka ɓulla Via Garibaldi, titin fadojin attajiran ƙarni na 16, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2006.

Game da abinci, ka nemi farinata, wadda ake gasawa da garin wani irin wake, ruwa, gishiri da man zaitun. Idan burodin da ake kira focaccia za ka saya, ka tambaya ko an sa strutto, wato kitsen alade, domin wasu masu gashin burodi suna amfani da shi. Akwai shagunan halal a kewayen Via Prè, kusa da tashar da ka sauka.

Kafin faɗuwar rana, ka hau lif daga Piazza Portello zuwa Spianata Castelletto, wani fili a kan tudu, inda za ka hango rufin gidaje, manyan jiragen da ke tashi zuwa Tunis da Sardiniya, da hasumiyar Lanterna mai tsawon mita 77, wadda aka sake ginawa a 1543.