Amsa ga 'yar'uwa daga Tahoua kan taurin bayan gida

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce yana kwana biyar bai zaga ba, kina tsoron cutar Chagas ce. Wannan cuta ta Kudancin Amurka ce, likita Carlos Chagas ya gano ta a Brazil a 1909. Ƙwayarta na lalata jijiyoyin babban hanji sannu a hankali, shekaru da yawa, har hanjin ya buɗe ya daina tura kashi. In Baba bai taɓa zama can ba, da wuya ita ce.

Ni dai roƙona, ku kai shi asibiti a auna bayan gidansa, ko tsutsar ciki ce. Ya yawaita ruwa, zafin Tahoua ba wasa ba, da zogale da miyar kuɓewa. In ciki ya kumbura da amai, ko kuka ga jini, kada ku kwana gida.