Sojan baƙo ya yi laifi a ƙasarka, kotun wa za ta hukunta shi?

Malam, ka tambayi irin sharuɗɗan da ake gindayawa idan ƙasa ta yarda ƙawarta ta girke sojoji a cikinta, da kuma kuɗin hayar da ake karɓa. Zan zo kan kuɗin, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ke tayar da jijiyar wuya a teburin tattaunawa shi ne hurumin shari'a da hanyar raba gari in zama ya ƙi daɗi.

Da farko ka sani takardun kashi biyu ne. Akwai wadda ke ba da izinin zuwan sojojin da wurin da za su zauna, akwai kuma wadda ke fayyace matsayinsu a gaban doka, da ake kira SOFA a taƙaice. Japan da Amurka, alal misali, sun sa hannu kan yarjejeniyar tsaro a 1960, sannan suka haɗa mata da wata daban ta matsayin sojoji. Wadda akasari ake kwaikwayo ita ce ta ƙungiyar tsaro ta NATO ta 1951, kuma sashe na 7 shi ne ƙashin bayanta.

Ga yadda sashen ya raba aiki. In laifi ne a dokar ƙasa ɗaya kaɗai, ita ke da shari'ar. In laifi ne a dokokin ƙasashen biyu, sai a duba wa aka cuta. Sojan da ya saci kayan rundunarsu ko ya raunata ɗan uwansa soja, ƙasarsa ke da fifikon hukunta shi. Haka nan duk abin da ya aikata yana bakin aiki. Sauran laifuka, irin su faɗa a kasuwa ko fyaɗe a gari, na ƙasa mai masaukin baƙi ne. A kan takarda rabon ya yi kama da adalci. Matsalar tana cikin kalmomin nan na "bakin aiki", domin a tsarin da Amurka ke bi kwamandan sojan ne ke ba da takardar shaidar cewa yaronsa yana kan aiki lokacin da abin ya faru. Da zarar takardar ta fito, alƙalin gida ya zama ɗan kallo.

An ga illar wannan ƙarara. A watan Fabrairun 1998 wani jirgin yaƙin Amurka da ke shawagi ƙasa ƙasa ya tsinke igiyar motar da ke ɗaukar masu yawon buɗe ido zuwa kan dutse a Kabalese ta ƙasar Italiya, mutum 20 suka mutu. Italiya ta so ta yi shari'ar, sashe na 7 ya hana ta, kotun soja a Amurka kuma ta wanke matuƙin daga laifin kisa a 1999. A watan Yunin 2002 motar sulke ta take wasu 'yan mata biyu 'yan makaranta a Yangju ta Koriya ta Kudu, kotun sojan Amurka ta sallami sojojin biyu, jama'a suka yi ta zanga-zanga a Seoul. Saboda haka mai tattaunawar da ya san abin da yake yi zai nemi a rubuta ma'anar bakin aiki dalla-dalla, a kuma ba mai gabatar da ƙara na gida damar ƙalubalantar takardar kwamanda a gaban kwamitin haɗin gwiwa cikin kwanaki ƙayyadaddu.

Ko a laifin da hurumin na mai gida ne, akwai batun wa zai riƙe wanda ake zargi. A tsarin NATO da na Japan, in sojan ya riga ya koma sansani, yana hannun mutanensa har sai an tuhume shi a hukumance. Ɗan sanda kuwa bai iya kammala bincike da mutumin da ba ya hannunsa. Bayan sojojin Amurka uku sun yi wa yarinya 'yar shekara 12 fyaɗe a tsibirin Okinawa na Japan a 1995, Amurka ta amince za ta duba da idon rahama buƙatar miƙa wanda ake zargi tun kafin tuhuma a laifin kisa da fyaɗe. Lura da lafazin: za ta duba, ba ta ce dole ba. Jamus kuwa a ƙarin da ta yi wa yarjejeniyar NATO a 1959 ta sarayar da fifikonta gaba ɗaya, sai dai ta riƙe ikon ta janye sarayarwar a kan wata shari'a cikin kwana 21.

Abin da ake kawo wa ƙasashen Afirka ya ma fi wannan rauni. Yawanci ba a raba hurumi kwata-kwata. Sakin layi ɗaya ne ke cewa za a ba sojojin kariya daidai da ta ma'aikatan ofishin jakadanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Biyana ta 1961, ma'ana kotun gida ba ta da ikon gurfanar da su kan laifi. Irin wannan lafazi yana cikin yarjejeniyar Ghana da Amurka da majalisar Ghana ta amince da ita a watan Maris na 2018, tare da yafe haraji kan kayan da za a shigo da su da amfani da zangon rediyo kyauta, abin da ya fito da mutane kan titunan Akra. Kuma kada ka ɗauka Amurka na wasa da wannan sharaɗi. Rashin daidaitawa kan kariyar ne ya sa ta kwashe sojojinta daga Iraki a ƙarshen 2011, bayan ta nemi majalisar Iraki ta tabbatar da ita abin ya ci tura.

Diyya tana da lissafinta. A sashe na 8 na NATO, in sojan baƙo ya yi ɓarna yana kan aiki kuma laifin nasu ne su kaɗai, ƙasa mai masauki ke tantance ƙarar ta biya wanda aka cuta, sannan ƙasar sojan ta mayar mata da kashi 75 cikin ɗari. Kashi 25 ya hau kan mai gida ke nan. In ba a bakin aiki ba ne, abin da za a bayar ihsani ne kawai. Gurɓatar ƙasa da ruwa ma a sa ido a kai: sashe na 4 na yarjejeniyar Japan ya ce ba dole ba ne Amurka ta mayar da filin yadda ta same shi, don haka man jirgi da sinadaran kashe gobara da suka nutse cikin ƙasa sun zama nauyin mai fili.

To, kuɗi. Ba kullum baƙo ke biya ba. Jibuti na karɓar haya, an sabunta ta sansanin Amurka na Lemonnier a 2014 kan dala miliyan 63 a shekara. Japan da Koriya ta Kudu su ke biya, domin su ke ganin zaman sojojin garkuwa ce gare su. Japan ta soma tun 1978, yanzu tana kashe sama da yen biliyan 200 a shekara kan albashin ma'aikatan sansani 'yan ƙasa da wuta da ruwa da makamantansu. Wanda ya fi buƙatar wani shi ke zaro kuɗi.

Akwai ƙananan abubuwan da ake raina su alhali su ke nuna ko ƙasa na da iko da gidanta: adadin sojojin da ba za a wuce ba, ko jami'in kwastan na iya buɗe kwantena, ko kwamandan gida na iya shiga sansanin ba sai ya nemi izini ba, ko jirgi mara matuƙi zai ɗauki makami, da wanda zai ga bayanan da ya tattaro. A Italiya kowane sansani yana ƙarƙashin kwamanda ɗan Italiya. A Okinawa, da jirgi mai saukar ungulu ya faɗi cikin harabar wata jami'a a 2004, sojojin Amurka ne suka killace wurin, 'yan sandan Japan na tsaye a waje. A kuma rubuta ko 'yan kwangila farar hula suna cikin kariyar, don sau da yawa ta nan ake cusa su.

Sai hanyar da aka bi aka ƙulla ta, wadda ita ke nuna ko za ta yi ƙarko. Da Kanar Amadou Abdramane, kakakin gwamnatin sojan Nijar, ya sanar da soke yarjejeniyar Nijar da Amurka ranar 16 ga Maris 2024, hujjarsa ita ce an kafa ta ne a kan takardar diflomasiyya ta watan Yulin 2012 ba tare da an bi ta majalisa ba. Gaskiya ne masu wannan magana su suka jingine tsarin mulkin da suke kafa hujja da shi, amma ɓarakar tana nan, kuma da ita aka yi amfani. Sansanin Agadas da ya ci sama da dala miliyan 100, Amurka ta miƙa shi a watan Agustan 2024. A Najeriya sashe na 12 na tsarin mulki ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, kuma tun 1962 gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta soke yarjejeniyar tsaro da Birtaniya bayan ɗalibai da 'yan adawa sun taso ta a gaba.

Wa'adin fita ya kamata ya zama a rubuce da lamba. Ta Japan shekara guda ce daga ranar sanarwa. Ta Filifin ta 1998 kwana 180 ce, shi ya sa da Shugaba Duterte ya ba da sanarwar sokewa a watan Fabrairun 2020 aka samu sararin dakatar da ƙirgen har ya janye ta a 2021. A wannan sakin layin ne kuma ake faɗin makomar gine-gine da titin jirgi: abin da ke kafe a ƙasa ya zama na mai gida, abin da ke ɗaukuwa baƙo ya tafi da shi, da ranar da za a zauna a ƙirga kayan tare kafin a miƙa mabuɗi.