Kwalekwalen Farauta: Faibagilas, Kevlar ko Kabon?

Tambaya: Ina haɗa ƙaramin kwalekwale na farautar agwagin ruwa da filawud mai kaurin milimita 6, tsawonsa kamar mita 4. Ruwan da nake shiga ba zurfi, ga kututture ga tsakuwa, kuma ni kaɗai nake ɗaga shi. Wani ya ce in lulluɓe shi da yadin faibagilas, wato na zaren gilashi, wani ya ce na Kevlar, wani irin zare mai ƙarfi, wani kuma na zaren kabon. Wanne zan saya?

Amsa: Malam, sayi yadin faibagilas da gam ɗin ifoksi, ka kwantar da hankalinka. Katakon ne ƙashin bayan kwalekwalenka, shi ke hana shi lanƙwashewa. Aikin yadin shi ne ya riƙe mahaɗar alluna, ya hana ruwa shiga katako, ya kuma karɓi gogar ƙasa. Duk abin da ka ƙara a kan haka nauyi ne, kuma kafaɗarka ce za ta biya.

Fara da gam, domin nan aka fi yin asara. Iri biyu ne a kasuwa, foliyesta da ifoksi. Foliyesta ya fi araha, amma ba ya kama katako da kyau. Katako na kumbura yana tsukewa, a hankali sai yadin ya fara ɓantarewa, ruwa ya kwanta a ƙarƙashinsa, ruɓa ta fara inda ido ba ya gani. Ifoksi kuwa yana shiga cikin katakon ya kama. In ka zaɓe shi, kada ka sayi faibagilas ɗin nan mai kama da tabarmar gutsattsarin zare. An yi shi ne don foliyesta, sinadarin da ke riƙe zarensa ba ya narkewa sosai a ifoksi, ga shan gam. Saƙaƙƙen yadi za ka nema, mai nauyin giram 200 a murabba'in mita. Shafi ɗaya a waje duka, ka ƙara na biyu a gindi da goshi, inda ake jan kwalekwalen a gaɓa.

Mahaɗa ita ce wurin da ya kamata ka zauna ka ɓata lokaci. Ta ciki, kwaɓa ifoksi da garin katako har ya yi kauri ya daina zuba, ka cike kusurwar, ka bi ta da bayan cokali ta yi lanƙwasa mai santsi. Tun bai gama bushewa ba ka ɗora tef ɗin faibagilas. Wanda zarensa ke gicciye a digiri 45 ya fi, saboda duk zaren na tsallaka mahaɗar. A tef na yau da kullum rabin zaren bin tsawonta yake yi, ba ya riƙe komai. Ta waje kuma ka goge kaifin kusurwa ya zama kewaye, don yadi ba ya kwanciya a kan kaifi, ɗagowa yake ya bar iska. Yadin da ya jiƙu daidai yakan zama garau, kana hango katako, saƙar tana nan a fili. Fari-fari na nufin gam bai isa ba. In kuma ya kwanta yana sheƙi kamar kududdufi, ya yi yawa, kwashe rarar. Yawan gam ba ya ƙara ƙarfi.

Kevlar abu ne mai kyau, ba musu. Stephanie Kwolek ce ta gano shi a kamfanin DuPont a 1965, kuma yana da wuyar tsinkewa in an ja shi. Sai dai bai iya jure matsi ba, almakashi na gida ba ya yanka shi, kuma in ka sa masa samfefa sai ya yi buzu-buzu ya ƙi gyaruwa. In lallai kana tsoron kututture ya huda kwalekwalen, sa Kevlar ta ciki a gindin kawai. Idan abu ya doki katako daga waje, fuskar ciki ce ke miƙewa ta tsage, nan ne yake da amfani. Faibagilas ma a wurin zai yi aikin da ya ishe ka.

Kabon kam bar shi. Tauri yake bayarwa, filawud ɗinka ya riga ya ba ka, kuma in ya sha duka tsagewa yake farat ɗaya.

Don gogar tsakuwa, manna siraran katako biyu ko uku masu tauri a tsawon gindin daga waje. In sun cinye ka sauya. Ka auna ifoksi da ruwan daskarwa, wato ruwa na biyu da ake haɗa shi da shi don ya daskare, daidai yadda aka rubuta a jikin gwangwani, ƙara ruwan daskarwa ba ya sa shi saurin bushewa, lalata shi yake. Sa safar hannu, domin yawan taɓa shi na jawo ƙaiƙayin fata da ba ya barin mutum. Rana tana cin ifoksi, saboda haka sai an rufe shi da fenti, kuma marar sheƙi, don tsuntsu na hango walƙiya daga nesa. Kafin fenti ka wanke saman da ruwa, saboda wani maiƙo da yakan fito bayan ya bushe, sannan ka bi da samfefa.