Na ga shatin yatsu a jikin tsohuwar da nake kula da ita: in faɗa ko in yi shiru?

Wata 'yar uwa da ke aikin kula da tsofaffi a arewacin Ingila ta aiko da wannan tambaya, ta roƙi a sakaya sunanta da na garin da take:

"Anti, na shiga shekara ta uku ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi, kamfanin ne ya ɗauki nauyin bizata. Akwai wata tsohuwa mai gigin tsufa da nake yi wa wanka da safe. Sau biyu ke nan ina ganin shatin yatsu a ɗamtsenta, kuma duka biyun bayan dutin dare na wata 'yar ƙasarmu ne. Ran nan na ji ta da kunnena tana daka wa tsohuwar tsawa. Matsalar ita ce wannan baiwar Allah ita ta sauke ni a ɗakinta lokacin da na zo ƙasar nan, ita ta koya mini aikin. Maigidana ya ce babu ruwana, kada in jawo mana abin da zai taɓa takardunmu, ga yara biyu a makaranta. Ana yi mana horo a kwamfuta kan kai rahoto, amma gaskiya dannawa kawai nake yi don in wuce. Dole ne in faɗa? Idan na faɗa, za a kore ni?"

Ƙanwata, ki faɗa. Kuma yau, kada ki jira sai kin ga na uku.

Na san abin da zuciyarki ke raya miki: wataƙila ba abin da kike zato ba ne. Haka ne, yana yiwuwa. Fatar tsoho kamar takarda take, wanda ke shan maganin tsinka jini kuwa ko gefen gado ya goga sai jini ya kwanta. Amma kin ce shatin yatsu, kuma na san irinsa. Tabo huɗu a jere a gefe guda na ɗamtse, ɗaya babba a ɗaya gefen, wurin da babban yatsa ya danna. Gefen gado ba ya barin irin wannan. Na taɓa kula da wata tsohuwa da ba ta iya haɗa kalma uku, amma da zarar ta ji takun wani ma'aikaci a baranda sai ta ja bargo har haɓa, ta ƙanƙame hannuna, idonta a kan ƙofa. Mai gigin tsufa bakinta ya tafi, jikinta ne kawai ke ba da labari, kuma ke mai yi mata wanka ke ce kaɗai kike karanta shi. Ba a ɗora miki gano gaskiya ba, ba a ɗora miki yanke hukunci ba. Abin da aka ɗora miki shi ne ki miƙa abin da kika gani ga waɗanda aikinsu ne su bincika. Zato mai dalili ya isa.

Bari in gaya miki yadda dokar take, domin mutanenmu suna cakuɗa ta Amurka da ta Ingila. A Amurka kowace jiha tana da doka da ta lissafa waɗanda wajibi ne su kai rahoton cin zarafin yara: malaman makaranta, likitoci, nas-nas, masu renon yara da sauransu. A jihar Niyu Yok, wanda ke cikin jerin nan ya ƙi faɗa da gangan ya aikata laifin da kotu ke hukuntawa. A wasu jihohi, kamar Teksas, duk wani baligi abin ya hau kansa, ko mene ne aikinsa. Masu karatu da ke can, kowa ya nemi dokar jiharsa, har da abin da ta ce game da tsofaffi.

Ingila ba ta bi wannan hanya kai tsaye ba. Babu wata doka guda da ta ce duk mai aikin kula da tsofaffi da ya yi shiru za a ɗaure shi. Sai dai an kewaye ki ta ko'ina. Dokar Kulawa ta 2014, sashe na 42, ta wajabta wa ƙaramar hukuma yin bincike a kan duk wani babba mai buƙatar kulawa da ake zargin ana cutarwa ko an yi sakaci da shi. Gidan da kike aiki yana ƙarƙashin hukumar CQC mai sa ido a kan gidajen kulawa da asibitoci, kuma ƙa'idar hukumar ta tilasta masa kare mazauna gidan daga cin zarafi da sanar da ita idan zargi ya taso. Yarjejeniyar aikin da kika sa wa hannu ta ɗora miki bin tsarin gidan na kai rahoto. Sannan tun 2015 akwai dokar da ta mai da muzguna wa wanda ake kula da shi, ko yin sakaci da shi da gangan, laifin da ɗaurinsa kan kai shekara 5. Ga kuma hukumar DBS, wadda ta tantance ki kafin ki fara aiki. Tana da jerin mutanen da aka haramta wa aiki da yara ko manya masu rauni, kuma ba wanda ya yi duka kaɗai ake iya miƙa mata sunansa ba, har da wanda zama da bakinsa ya bar mutum cikin haɗari.

To ki duba nan, ki kuma nuna wa maigidanki cikin ladabi. Shi tsoronsa kada maganarki ta taɓa takardunku. Ni tsorona shirunki ne. Ki ɗauka gobe 'yar tsohuwar ta zo ziyara, ta naɗe hannun rigar uwarta ta gani. Abu na farko da masu bincike za su ɗauko shi ne littafin rahoton yau da kullum: wa ya yi mata wanka ranar, me ya rubuta? Sunanki ne a wurin, kuma babu komai a rubuce. Daga nan ko dai a ce kin gani kin ɓoye, ko a ce ke kika yi. Wanda sunansa ya shiga jerin DBS ya gama aikin kulawa a ƙasar nan, bizarki kuwa a kan wannan aikin take tsaye.

Waɗannan ƙa'idoji ba haka kawai suka faɗo ba. A 2011 gidan talabijin na BBC ya shiga da ɓoyayyiyar kyamara wani asibitin masu raunin fahimta mai suna Winterbourne View, kusa da Biristol, aka ga ma'aikata suna marin marasa lafiya, suna danne su a ƙasa, suna watsa musu ruwan sanyi. Wani babban nas ya riga ya kai ƙara ga shugabanni da hukuma, ba a saurare shi ba. An kama mutum 11 da laifi, 6 suka tafi kurkuku, aka rufe wurin. Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan labari shi ne yawan idanun da suka gani kafin kyamara ta zo.

Yanzu yadda za ki yi. Ki je wurin manaja ko babbar ma'aikaciyar da ke kan duti, ki gaya mata da baki, sannan ki rubuta. Rubutun nan shi ne garkuwarki, don haka ki natsu a kansa. Ki sa kwanan wata da lokaci. Ki faɗi abin da idonki ya gani: hannun dama ko na hagu, tabo nawa, girmansu, launinsu. Gidajen nan suna da takarda mai zanen jikin mutum, ki nemi ɗaya ki yi alama a daidai wurin. Tsawar da kika ji, ki rubuta kalmomin yadda aka furta su, da inda kike tsaye, da wanda ke kusa. Kada ki rubuta "wance ce ta yi", domin ba ki ga hannunta a jikin tsohuwar ba. Ki rubuta abin da kika gani da wanda kika ji, jadawalin duti zai faɗi sauran. Ki sa hannu, sannan ki aika wa manaja gajeren saƙon imel cewa yau da ƙarfe kaza kin kawo mata wannan magana, don ya zama akwai shaidar ranar da kika faɗa.

Kada ki ɗauki hoton jikin tsohuwar da wayarki, wannan kaɗai ya isa a kore ki. Kada ki titsiye ta da tambaya irin "wance ce ta matse ki, ko?", mai gigin tsufa za ta iya amsa e ga komai, ki ɓata binciken. Idan ita ko wani mazaunin gidan ya ce zai gaya miki wani abu amma ki yi alkawarin ba za ki faɗa ba, kada ki yi alkawarin. Ki ce za ki gaya wa wanda zai taimaka ne kawai. Kuma don Allah kada zancen ya shiga zauren WhatsApp na 'yan gida. Idan kin ga mutum na cikin haɗari a take, ko ya ji mummunan rauni, lambar gaggawa ta 999 za ki kira, ba sai kin nemi izinin kowa ba.

Idan manaja ta share maganar, ko ta ce a bar shi a cikin gida, ba a nan hanya ta ƙare ba. Kowace ƙaramar hukuma tana da sashen kare manya masu rauni, lambarsu na shafinta na intanet, kuma kina da ikon kiran su da kanki. Haka CQC tana karɓar rahoto daga ma'aikata, har ba tare da suna ba, ko da yake wanda ya ba da sunansa an fi samun sauƙin bin maganarsa.

Sai batun kora, kuma ba zan yi miki daɗin baki ba. Dokar kare masu fallasa ɓarna ta 1998 ta haramta korar ma'aikaci ko takura masa saboda ya kai irin wannan rahoto, kuma kariyar tana aiki tun ranar farko da mutum ya kama aiki, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Amma doka ba ta hana mugun shugaba rage miki awanni ko neman ki da laifi, kuma shari'a a kotun ma'aikata tana ɗaukar lokaci, wa'adin shigar da ƙara kuma gajere ne. Idan aiki ya ƙare, kamfani zai sanar da Ma'aikatar Cikin Gida, yawanci a ba mutum kwana 60 ya sami wani mai ɗaukar nauyinsa. Saboda haka ki ɗaure raƙuminki. Ki shiga ƙungiyar ƙwadago irin su UNISON ko GMB idan ba ki shiga ba. Ki adana takardun albashinki da jadawalin dutinki. Akwai ƙungiyar agaji mai suna Protect da ke ba masu fallasa ɓarna shawara kyauta a asirce, akwai kuma hukumar ACAS mai ba da shawara kan rikicin aiki. A abin da na gani cikin shekaruna, manajoji da yawa sun fi son ma'aikaciyar da ta kawo musu magana da wuri, domin su ma wuyansu ne a igiya idan abin ya fito ta wata hanya.

Na bar mafi nauyi zuwa yanzu: wadda ta sauke ki. Mu ba a haife mu da wannan ba. An raine mu a kan rufin asiri, a kan cewa wanda ya ba ka masauki ba ka tona shi, kuma mai kai ƙarar ɗan uwa wurin hukuma a baƙuwar ƙasa sunansa ya ɓaci har gida. Ban raina wannan ba, alherin da ta yi miki gaskiya ne, kuma bashi ne a kanki. Amma ba da jikin tsohuwar mutane za ki biya shi ba. Malamanmu sun ware wuraren da ambaton laifin mutum ba ya zama giba, cikinsu akwai kai kuka ga mai ikon hana zalunci. Kuma an koya mana tun muna Islamiyya cewa taimakon ɗan uwa azzalumi shi ne a riƙe hannunsa. Mai yiwuwa baiwar Allahn nan gajiya ce ta cinye ta: dutin awa 12, dare bayan dare, ita kaɗai da tsofaffi da yawa, ga masu jiran kuɗi a gida. Idan haka ne, bincike zai iya tono ƙarancin ma'aikata, wanda shi ma nau'in cutarwa ne da ake tuhumar gida da shi. In an tare ta yanzu, tana iya tsira da gargaɗi da ƙarin horo. In aka bari har ƙashi ya karye, 'yan sanda ne. Abin da ba za ki yi ba shi ne ki je ki faɗa mata a ɓoye kafin ki kai rahoto. Za ki jefa kanki cikin laifin, kuma ba ki san abin da zai sami tsohuwar a daren ba.

Horon nan da kike dannawa ki wuce, ki koma masa ki karanta da gaske, awa ɗaya ko biyu ne. Yana cikin satifiket ɗin aikin kulawa da aka fara a 2015, kuma akwai darasin manya, akwai na yara. Za ki ga cutarwa ba duka kaɗai ba ce: taɓa kuɗin tsoho, barinsa cikin jiƙaƙƙen kunzugu, hana shi abinci ko magani, tsawa da gori, duk suna ciki.

Tunda kin ambaci yara, ki sani irin nauyin da ke kanki a wurin aiki shi ne a kan malaman makarantarsu. Yaro ya ce an zane shi da bel ko wayar caja, malama ba ta da zaɓi, sai ta kai wa jami'in kare yara na makarantar. Ba ƙiyayya ba ce. A Sikotlan tun 2020, a Wels tun 2022, an haramta dukan yaro kowane iri. A Ingila duk dukan da ya bar shati ko rauni ya fita daga abin da doka ke ɗaga wa iyaye ƙafa, kuma gargaɗin 'yan sanda a kan haka zai iya fitowa a takardarki ta DBS. Wani wuri da Ingila ta yi doka irin ta Amurka ƙarara shi ne kaciyar mata: tun Oktoban 2015, likita, nas, ungozoma, malamin makaranta ko jami'in jin daɗin jama'a da ya gano an yi wa yarinya 'yar ƙasa da shekara 18 dole ya sanar da 'yan sanda. Kai yarinya gida hutu a yi mata can ma laifi ne, ɗaurinsa kan kai shekara 14. Masu barin jarirai mata a hannun kakanni da wanzamai idan an je gida, ku yi magana da su tun kafin ku sauka.

Kafin ki kwanta yau, ki ɗauki biro ki rubuta ranakun nan biyu da ranar da kika ji tsawar, tun ba su gauraye miki ba. Idan an tambaye ki me ya sa ba ki faɗa tun na farko ba, ki faɗi gaskiya: kin yi shakka, kin ji tsoro, da kika ga na biyu kika kasa zama. Idan kwana biyu suka wuce ba ki ji an ɗauki wani mataki ba, ki kira ƙaramar hukuma, sannan ki sake rubuto mini mu duba abin da ya rage.